Guzurin Da Aka Ce A Ajiye

Kura, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Usaini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da Maman Surayya da yara. Ya ƙarfin jiki? Saude ce, matar abokinka Baban Fa'iza. Na san waya ba ta da amfani a wurinka tun da bam ɗin nan ya tafi da jinka, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka yi haƙuri da rubutun, rabona da biro an daɗe.

Tambaya ce ta kawo ni, ba roƙo ba, don Allah kada ka sa hannu a aljihu. Ka tuna kwalin nan na guzurin soja da ka kawo mana shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bayan an sallamo ka daga asibiti? Wanda ka ce Baban Fa'iza ne ya aiko, ya ce a ajiye masa yana nan tafe? To yana nan. Na saka shi a durom na ƙarfe, na ɗora dutsen niƙa a kan murfin saboda ɓera. Sau ɗaya a shekara nake buɗewa in kakkaɓe ƙura in mayar. Ko igiyar da ka ɗaure shi da ita ban taɓa kwancewa ba sai jiya, shi ma saman kawai muka duba.

Bana an rufe kanal ɗin da ke kawo mana ruwan noman rani don gyara. An ce sati uku, aka yi bakwai. Shinkafar rani ta bushe tana tsaye, tamu da ta maƙwabta. Tunda babu shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, babu mai kawo min aikin turarawa, tukwanena suna kife tun watan jiya. Masararmu ta ƙare ranar Lahadi. Mu uku ne a gidan, ni da Fa'iza da Inna mahaifiyarsa, ita kuma ba ta iya shan maganin hawan jini ciki ba komai.

Abu biyu nake son sani. Na farko, abin nan zai ciwu? Fa'iza ta karanta kwanan watan da ke jiki, ta ce ya wuce da shekara takwas. Na biyu, amana ce. Mai shi ajiyewa ya ce, bai ce a ci ba. Ofishin soja kuwa har yau maganarsu ɗaya, ba a gan shi ba. Ba su ce ya mutu ba, ba su ce yana raye ba. Kai ne ka ji saƙon daga bakinsa, kai za ka san ko zai ji haushi.

Ka ba Baballe mai adaidaita amsa, ranar Alhamis zai sake kai albasa ta wajenku. Ka gaida mutan gida. Allah ya ƙara lafiya.

Ƙanwarka,
Saude


Kumbotso, ranar Alhamis

Zuwa ga Maman Fa'iza,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso ni lafiya, na karanta sau biyu. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Ina jajanta muku asarar shinkafa, Allah ya mayar da alheri. A gaishe min da Inna da kyau.

Game da abinci, ki bi abin da zan faɗa daki-daki, kada ki tsallake ko ɗaya. Kwanan watan da ke jiki ba shi ne alƙali ba, ido da hanci su ne alƙalai. Duk gwangwanin da ya kumbura, ko tsatsa ta ci shi har ya huje, kada ma ki buɗe. Ki haƙa rami ki binne, ko kaji kada a ba. Wanda kika buɗe ya yi tsartuwa ko ya yi wari, shi ma haka. Ledojin nan masu ruwan azurfa, in ledar ta matse jikin abincin tsam, lafiyarta ƙalau. In ta yi iska kamar balan-balan, rami. Abin da ya tsira ki juye a tukunya ki tafasa sosai. Ke za ki fara ci, cokali biyu kawai, ki jira daga safe zuwa azahar. In cikinki bai motsa ba, sai a ba Fa'iza, Inna ce ta ƙarshe.

Biskit ɗin kuwa ba ya mutuwa. Akwai lokacin da muka ci wani a daji, da muka duba jikin takardar sai muka ga ya girmi ƙaramin sojan da ya raba mana. Babu wanda ya yi ko ciwon kai, haƙorin wani dai ya tafi. Ki jiƙa shi a shayi kafin Inna ta sa a baki.

Maganar amana, ku ci. Mijinki Taufiq ba zai ji haushi ba. Na ɗauki wannan a wuyana, duniya da lahira.

Kin ce kada in sa hannu a aljihu. To kin san kurma ba ya jin magana, ga gero kwano biyu nan wurin Baballe.

Wassalam. Naku,
Usaini, soja mai ritaya


Kura, ranar Litinin

Yaya Usaini,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Gero ya iso, an gode, Allah ya saka da alheri. Na bi maganarka kamar karatun allo.

Gwangwani huɗu na binne a bayan banɗaki. Biyu sun kumbura, ɗaya ya huje, ɗayan kuma da na soka masa wuƙa ya feso min wani abu a zane, har yau warin bai fita ba. Sauran duk sun yi. Kifin gwangwanin ya yi laushi har ba a gane kai da jela, amma kifi ne. Naman ya yi gishiri kamar me. Madarar gari ta koma launin ruwan ƙwai ta dunƙule, sai da na daka ta a turmi. Sukari ya zama dutse. Ganyen shayin ba ƙamshi, launi kawai yake bayarwa. Akwai wata alewa baƙa da ta yi fari-fari a sama, Fa'iza ta lashe takardar har da yatsu.

Shinkafa da wake na cikin ledar azurfa su ne abin mamaki. Wallahi Yaya, da na tafasa na zuba a kwano, sai ka rantse da safen nan aka sauke. Ƙwayar ba ta farfashe ba. Ni da nake turara shinkafa shekara ashirin, na tsaya ina juya ta da cokali ina duba ko wace iri ce. Na zaci zan yi kuka in na sa a baki. Ban yi ba. Na ci cokali biyu na jira azahar, cikina shiru. Da yamma na ci na ƙoshi na wanke kwano. Abin da na ji ke nan, ƙoshi.

Matsalar Inna ce. Da ta ɗanɗana sai ta ajiye cokali ta ce, "Kun gani ko? Abin mai rai ba ya ruɓewa. Da yaron nan ya mutu, da tuni wannan ya zama ƙasa." Na ce, "Inna, ai huɗu na binne." Ta ce waɗancan tun asali ba rabonsa ba ne. Tun daga ranar ta ƙi ci. Duk abin da na zuba mata sai ta rufe da faifai ta ce a ajiye masa, zai zo da yunwa. Ta sa an share ɗakinsa an shimfiɗa tabarma. In babur ya tsaya a waje sai ta ɗaga kai. Kunun geronka kawai take kurɓa, shi ma sai na yi da gaske. Jiya jiri ya kwashe ta a bakin randa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Da muka cinye na sama, na kai ƙasan kwalin, inda ban taɓa kaiwa ba. Akwai ƙullin tsumma a kusurwa. Cokalinsa ne a ciki, mai lanƙwasasshen hannu, wanda ya tafi da shi daga kwandon gidan nan. Da carbinsa, da rezar askinsa, da hoton Fa'iza na ranar suna.

Ni ba mai ilimi ba ce, amma na yi shekara huɗu ina haɗa wa mutumin nan jaka. Ko Bunkure zai je ya kwana ba ya barin carbin nan. Wanda yake aiko da abinci gida ba ya haɗowa da cokalin da zai ci abinci da shi gobe.

Ka faɗa min abin da ya ce maka, da inda kuke tsaye da ya faɗa. Kada ka ji tsoron zan faɗi ko in yi ihu. Na daɗe ban ji komai ba, ko daɗi ko ciwo. Tsohuwar nan dai nake so ta ci abinci.

Ka huta lafiya.
Saude


Kumbotso, ranar Juma'a

Maman Fa'iza,

Wa alaikumus salam. Na fara takardar nan sau uku ina yagawa. Wannan ba zan yaga ba.

Taufiq bai aiko da komai ba, bai kuma ce a ajiye masa ba. Ni na ƙirƙiri maganar a tsakar gidanku. Taufiq ya rasu ranar Laraba da hantsi, kwana tara kafin babbar sallah ta shekarar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Motarmu ce ta taka bam a hanya, can gabas. Da na farfaɗo ba na jin komai, jini na fita ta kunnena. Na same shi a gefen hanya, rai ya riga ya fita. Bai sha wahala ba, wannan gaskiya ce, ba lallashi ba. An tarwatsa mu, ni da wani soja Mudassiru muka ja shi cikin daji. Muka yi taimama muka yi masa salla mu biyu, muka haƙa da wuƙa da hannu a gindin wata aduwa, muka fuskantar da shi alƙibla. Mudassiru bai kai gari ba, bayan kwana biyu shi ma ya cika. Ni aka tsinta.

Wata uku na yi a asibiti ban san inda kaina yake ba. Da na fito na tarar an sa sunansa cikin waɗanda ba a gani ba. Na ce bari in fara gaya wa iyalinsa kafin ofis. Na je sansani na kwashe abin da ke ƙarƙashin gadonsa, rabonsa na guzuri da bai ci ba da ƴan tarkacensa, na ɗaure na hau mota zuwa Kura. Duk hanya ina maimaita yadda zan faɗa.

Da na yi sallama, Inna ta hango kaki ta fito da gudu ba takalmi, ta zaci shi ne. Ke kina bayanta, Fa'iza na riƙe da zanenki. Na ga bakunanku suna motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Inna ta kama kwalin da hannu biyu tana dubana. Sai na ji harshena ya faɗi abin da ya faɗa. Na ce a raina gobe zan gyara. Goben ta zama wata, watan ya zama shekara. Da na ƙi gaya muku, sai na kasa gaya wa ofis, don kada ku ji a bakin wani. Kowace shekara maganar na ƙara nauyi. Shi ya sa na daina zuwa, sai dai in aiko da gaisuwar sallah.

Na yi zaton tausayi ne. Tsoro ne. Na tsaya gaban harsashi, na kasa tsayawa gaban tsohuwa. Na cinye miki shekara goma sha ɗaya, ina jin kunyar Allah, ina jin kunyarki. Duk inda ake son in tsaya in yi rantsuwa, gaban liman ko alƙali ko ofis, zan zo. In za ki iya yafe min, ki yafe.

Allah ya jiƙan Taufiq, ya ba ku haƙuri.
Usaini


Kura, ranar Laraba

Yaya Usaini,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso.

Na karanta wa Inna da kaina. Ta tambaya ko an yi masa salla, na ce an yi. Ta tambaya ko an fuskantar da shi gabas, na ce haka ka rubuta. Sai ta ce in ɗumama mata abin da ke ƙarƙashin faifai. Ta cinye tas, ta sha magani. Kuka sai washegari ya zo mata, ita da Fa'iza. Ni nawa bai zo ba.

Ka ce in yafe. Ban ji haushinka ba, ban kuma ji na yafe ba. In na ji wani abu zan rubuto. Ranar Juma'a za a yi wa Baban Fa'iza addu'a bayan an sauko daga masallaci, liman yana son ka zo ka faɗa da bakinka. Ka zo.

Na cire ƴan kunne, na ajiye kwalli da turare, na shirya zaman takaba wata huɗu da kwana goma. Na ce ko a cikin zaman nan abin zai same ni. Da na je gidan liman in ji ranar da zan fara ƙirga, sai ya ce babu takaba a kaina. Daga ranar rasuwa ake lissafi, ba daga ranar jin labari ba. Tawa ta ƙare fiye da shekara goma da suka wuce, wata rana da ban sani ba, ƙila ina bakin murhu ina turara shinkafar wani.

Na ce, "To Malam, yanzu me zan yi?" Ya ce duk abin da na ga dama. Na dawo gida na zauna a bakin ƙofa har aka kira la'asar. Ban san me na ga dama ba.

Ka gaida Maman Surayya. Allah ya kawo ka lafiya.
Saude