Wayar da Ke Ƙarƙashin Kujerar Nicanor

Ni Bienvenido Féliz, mai gyaran wayar mota a bakin hanyar Paraíso cikin Barahona, ni nake rubuta wannan da hannuna. Huhuna ya gama aiki, likita ma ya gaji da yi mini ƙarya, amma kaina garau yake. Wanda ya ce ciwo ne ke magana, ya kawo tsohuwar bas ya rufe mini ido, in faɗa masa inda kowace waya ta dosa. Zuwa gare ku Radhamés da Yuderka, ku biyun da wuta ta rage mini.

Na ɗaya. Gida na mahaifiyarku ne har ranar da za ta biyo ni. Gonar ayaba ta Yuderka ce da 'ya'yanta.

Na biyu. Gareji da kayan aiki naka ne, Radhamés, amma ko filaya ba za ka taɓa ba sai ka cika abin da zan faɗa. Na san da bindigar da ka cusa cikin tsohuwar taya a bayan gareji, na kuma san wanda ka saye ta dominsa.

Bari in faɗi abin da kowa a gidan nan ya kasa faɗa. A makon Ista ƙanenku Nicanor ya ƙone a kujerar direba cikin bas ɗinsa, a kan hawan Paraíso, da rana tsaka. Fasinjoji sun fasa tagogi sun tsira, shi kuwa ƙofarsa ta cije. Mutane na tsaye suna jin ihunsa har ya daina. Abin da aka ba ni cikin akwati ban yarda uwarsa ta gani ba. Da safiyar ranar tasha duka ta ga sun shaƙe juna da Eladio, mijin Yuderka, shi ma direba, a kan fasinjoji, kowa kuma ya ji Eladio na cewa, "Na rantse da kabarin uwata, sai na ga akwalar nan taka ta zama toka, ɗan banza!" Kai kuma Radhamés, muna dawowa daga maƙabarta ka ɗauki adda. A gaban 'ya'yansa ka sare wa Eladio yatsun hannun dama, ka tsaga masa kafaɗa har ƙashi ya fito. Da Yuderka ba ta faɗa kansa ba tana ihu, "Yaya, sai dai ka haɗa da ni!" da tuni mun yi jana'iza ta biyu. Yau 'yan'uwan Eladio na garin Enriquillo na wasa addunansu, kai kana jiran ya warke ka ƙarasa shi.

Na uku. Ƙonanniyar motar tana nan inda na sa aka jawo ta. Ka je ka buɗe ta da kanka, yadda na koya maka: kada ka fara da zargi, ka fara daga batir ka bi waya. Wutar da aka zuba wa fetur aka ƙyasta, ko'ina take kamawa lokaci guda. Wutar waya kuwa daga wuri ɗaya take tashi, kuma tana barin shaida. Ka ɗaga kujerar direba, inda inji yake. Akwai ramin da damin wayoyi ke ratsa ƙarfe. Robar da ke bakin ramin ta ruɓe tun tuni, kaifin ƙarfen ya yi ta cin jar waya har ya kai ga jan ƙarfen ciki. Za ka ga bakin wayar ya narke ya dunƙule kamar ƙwayar wake. Ka auna da yatsanka tsakaninsa da tiyon fetur, ka ga ko akwai tazara.

Za ka ce ai fiyus ya kamata ya tsinke kafin a kai haka. Ya tsinke kuwa, ya yi ta tsinkewa, aikinsa ke nan. Nicanor ya zo mini yana dariya, "Baba, fiyus ɗin nan naka matsoraci ne, ko tari na yi sai ya mutu." Na ce ya ajiye motar in bi wayar daga farko har ƙarshe. Ya ce, "A makon Ista? Haba tsoho, ko fada a coci ba ya hutawa, sai ni?" Na fizge makullin motar na rataya a wuyana. Ashe ja'irin yana da wani a aljihu.

To ka buɗe akwatin fiyus. A gurbin fiyus ɗin za ka tarar da guntun waya mai kauri, an murɗe ta an haɗa baki da baki, irin haukan da direbobinmu ke yi don kada rana ta wuce su. Ka kalli murɗin da kyau. Hagu ya yi. Duk Barahona ka san bahago ɗaya ne ya koyi murɗa waya a garejina, ƙanenka Nicanor. Ranar da na gani na zauna a ƙasa cikin toka na yi kuka, na zage shi, na zagi uban da ya haife shi. Har yanzu ina jin haushinsa, kuma har yanzu shi nake kira idan na farka.

Na faɗa maka wannan da bakina, ka kife tebur ka ce tsufa ne da tausayin suruki. Tausayin wa? Ban taɓa son Eladio ba, bakinsa ya fi kwata wari. Amma bai kashe mini ɗa ba, kai kuwa ka naƙasa uban jikokina a banza.

Na huɗu. Idan ka gani da idonka, ka ɗauki bindigar ka jefa ta teku, Yuderka na kallo. Sannan ka tafi Enriquillo hannu sake, ka tsaya a gaban mutanen nan ka faɗi abin da ka gani. In sun mare ka, ka tsaya. In kuwa ka harbi Eladio bayan wannan takarda, ban yafe ba, kada ka tako kabarina, garejin kuma a cinna masa wuta.

Na biyar. Yuderka, ba zan ce ki manta ba, jinin da kika wanke daga ƙasan ɗakinki ba ya mantuwa. Ina roƙonki dai kada ki raine mini jikoki da ƙin kawunsu. Mahaifiyarku kuma ku faɗa mata gaskiya ku biyu tare, ku riƙe ta, domin za ta faɗi.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku daga wuta da ƙarfe da zafin zuciya irin tawa. Ku haɗa kanku, kun yi kaɗan da za ku rabu. Ranar da za a ɗauke ni, Eladio ya tsaya a gaban akwatina ta dama. Hannunsa ba zai iya riƙewa ba. Radhamés, kai za ka tsaya a gefensa ka ɗauki rabonsa da naka har bakin rami.