Fuskar Ɗana Ta Yi Sumul, Masu Gona Sun Daina Ɗaukarsa

Zuwa ga Tanti Rakiatou, mai filin shawarwari,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure, kuma duk maƙwabciyar da na kai wa kukana sai ta rufe baki da mayafi tana dariya. Bari in fara gaya miki halin gida. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu. Baban yara ba shi da lafiya, bayansa ya riƙe tun da ya faɗo daga tsani a wurin gini bara, yanzu aikinsa zama a tabarma da ba da umarni. 'Yata Maïmouna lafiyarta lau, har ta yi yawa, don bakinta ba ya hutawa. Kazarmu ta daina ƙwai, amma wannan ba ke za ki gyara ba. Saura ɗana Hamissou, wanda ban san layin da zan sa shi ba, na masu lafiya ko na marasa lafiya. Ba shi ne ɗan fari ba, shi ya sa kika ga na kama sunansa.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da furfura ta fara fito mini na shiga ajin manya a Tanut, kafin mu taso zuwa garin Sabha a ƙasar Larabawa. Da hannuna nake rubuta wannan, don in na ba Maïmouna za ta tsallake duk wurin da laifinta ya fito.

Muna zaune a unguwar Abdulkafi, kuma Hamissou ne ke riƙe da gidan yanzu. Kullum da safe yana tafiya unguwar Jadid, bakin titin da masu aikin yini ke taruwa, wanda a nan ake ce wa mahatta. Masu gonaki da masu gini sukan zo da mota, su leƙo ta taga, su nuna wanda suke so da yatsa. A da ba ya wuni biyu a jere ba a nuna shi ba.

To, yaron nan tun da ya balaga ƙuraje suka yi masa sansani a fuska. In wani ya warke ya bar baƙin tabo, sai ƙanensa ya fito a gefe. Ga maiƙo, in rana ta take goshinsa har ƙyalli yake yi kamar tandar waina. Abokansa na mahatta Dutsen Niƙa suke ce masa, bai taɓa damuwa ba. Sai da aka sa masa rana da wata yarinya a Tanut mai suna Ruwaida, suka fara kiran nan na waya da ake ganin juna, sannan ya gane cewa yana da fuska.

Maïmouna tana shara a wani kantin magani. Ita ta kawo masa wata 'yar kwalba mai bakin ɗigawa, kamar ta maganin ido. Na zauna na kwafi sunan baƙi bayan baƙi: Niacinamide, kusa da shi an sa goma bisa ɗari. Ta ce wani irin bitamin ne na fata. Na ce in bitamin ne me ya hana a zuba masa a shayi a huta? Ta ƙwace kwalbar daga hannuna.

Tanti, tsakani da Allah abin ya yi aiki. Ba dare ɗaya ba, sai da aka kusa wata uku. Maiƙon ya ragu, tabban suka dushe, kumatun suka yi sumul. Bai yi fari ba, na duba, na haɗa fuskarsa da bayan kunnensa a cikin rana, launi ɗaya ne. Ruwaida ta yi murna, uwarta ma ta leƙo cikin wayar ta yi guɗa.

Daga nan aiki ya gudu. Mota za ta tsaya, mudir, wato mai aikin, ya nuna na dama da shi, ya nuna na hagu, ya ja motarsa. Abokan da ke ce masa Dutsen Niƙa sun koma ce masa Tangaran, wai a riƙe shi da hannu biyu kada ya fashe. Wani ya tambaye shi ko ofishin banki yake nema ya ɓata hanya. Ni na gano dalili: Larabawan nan fuska suke dubawa. In suka ga wadda rana ta gasa, sun san mai ita ya san wahala. In suka ga irin ta ɗana, sai su ɗauka ɗan gata ne da bai taɓa ɗaga bulo ba.

Kuma ba sakaci yake yi ba, yaro ne mai kula. Da safe in ya ɗiga maganin yakan zauna a gaban madubi har ya bushe sarai kafin ya fita. Tun da Maïmouna ta ce masa rana tana ƙara wa tabo baƙi, ba ya tsayawa a bakin titi cikin turmutsutsu, can baya yake tsayawa ƙarƙashin rumfar wani shago, da kwali a kansa. In mota ta zo ba ya gudu kamar sauran, yana tahowa a natse don kada gumi ya wanke maganin. Kin ga yaro mai hankali irin wannan a ce an ƙi shi? Abokinsa Sama'ilu, shi da aka haifa da fuska kamar ta jariri, kullum ana ɗaukarsa, amma wannan na tabbata laya gare shi.

Da na ga tukunya ta fara sanyi, sai na tashi tsaye. Na ce da yamma fuskar ta Ruwaida ce, da safe ta mudir ce. Na fara shafa masa toka da ɗan mai kafin ya fita, iskar sahara mai ƙura da ake ce wa gibli ta kwashe ta tun bai kai titi ba. Na gwada dusar ganyen shayi, ƙudaje suka raka shi har Jadid. Shi kuwa ba ya yi mini musu, sai ya zauna ya rufe ido ya ce in yi abin da na ga ya dace.

Ranar Talatar da ta wuce na kwaɓa lalle, na karyo tsinken tsintsiya, na mayar masa da tabbansa ɗaya bayan ɗaya. Ni na haife shi, na san mazaunin kowanne. Sai dai lallen ya kama fiye da yadda na so, ya yi ja. Da ya isa mahatta aka ce ƙarambau ya fito masa. Mutane suka dare, aka bar masa rumfar shi kaɗai, wani mudir ya ɗaga gilashin motarsa tun daga nesa. Da yamma Ruwaida ta kira, ta gani, ta ce ashe duk santsin nan gyaran waya ne, an yaudare ta. Ga lalle ba ya wankuwa. Tun ranar ba ta ɗaga kiransa ba.

Yanzu baban yara ya ce mu mata ba mu san aiki ba, lebura na gaskiya siminti ake gani a girarsa, don haka a samo garin siminti a shafa masa. Na ce a dakata in tambayi masu ilmi. Shi ma ba zan ɓoye miki ba, na lura kwalbar tana saurin sauka, sai na kama shi yana ɗiga wa sanƙonsa. Wai gwadawa yake yi ya ga ko akwai cutarwa.

Ga abin da ya hana ni barci. Ranar Asabar ta bayan Mauludi wani mai gonar dabino daga garin Samnu zai zo mahatta ya zaɓi waɗanda za su yi masa aiki har ƙarshen girbi. Wanda aka ɗauka ya huta da tsayuwar titi, gidansu ya ci abinci har sanyi ya shigo. Hamissou yana hawan dabino kamar ƙadangare, amma wa zai sani in ba a nuna shi ba? Shin in jefa kwalbar nan a masai ƙurajen su dawo? In na jefa, za su dawo kafin Asabar ɗin? Ko a shafa simintin? Don girman Allah ki ba ni amsa kafin ranar, ko da layi biyu ne, zan iya karantawa da kaina.

Taki cikin damuwa,
Uwar Mai Fuska Biyu, Abdulkafi, Sabha

*

Wa alaikumus salam, Uwar Mai Fuska Biyu.

Rubutunki ya fita sarai, har ya nuna mini abin da ke kanki ba ki gani ba. Amma bari mu fara da na gaggawa: kada siminti ya kusanci fuskar yaron nan. In ya haɗu da gumi ƙona fata yake yi, kuma tabon ƙuna ba ya jin maganin kwalba. Ki gaya wa maigida na gaishe shi, na kuma ce a'a.

Kwalbar ma kada ki jefar, ba ta yi laifi ba. Niacinamide wani nau'i ne na bitamin B3 da ake shafawa. Yana rage maiƙon fuska, yana kwantar da ja da kumburin ƙuraje, yana dusar da baƙin tabo a hankali, yana kuma taimaka wa fata ta riƙe damshinta, abin da mai wuni cikin zafi da busasshiyar iskar yankinku na Fezzan yake bukata. Ba man bilicin ba ne, ba ya sauya launin da Allah ya ba mutum. Gwajin da kika yi na haɗa fuska da bayan kunne dabara ce mai kyau, ki ci gaba da yi. In wata rana aka kawo wani mai da ya haskaka fuska cikin 'yan kwanaki ya bar wuya a baya, wannan haɗi ne mai haɗari, shi ne na masai. Goma bisa ɗari yana da ɗan ƙarfi. In ba ya yi masa zafi ko ƙaiƙayi, to. In yana yi, mai biyar bisa ɗari ya wadatar. Ba a sha, ba a sa wa ido, kuma ba ya tsirar da gashi a sanƙo.

Ban ce hasashenki banza ba ne. Gaskiya ne mai ɗaukar lebura da ido yake ciniki, kuma ba'ar abokai tana karya gwiwar saurayi. Tsoronki ma na uwa ne da ke kallon tukunya. Amma ki sake karanta wasiƙarki. Ɗanki yana fita a makare saboda madubi. Yana tsayawa a bayan kowa, cikin inuwa, da kwali a ka. In mota ta zo yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. 'Yar'uwa, mudirin nan bai ƙi fuskar Hamissou ba, bai ma gan ta ba. Layar Sama'ilu kuwa ƙafafunsa ne.

Ga abin da za a yi. Ya mayar da ɗigon maganin zuwa bayan sallar isha'i, a fuskar da aka wanke, sau ɗaya ya isa. In ya shiga fata gumin gobe ba zai fitar da shi ba. Maïmouna ta yi gaskiya cewa rana tana ƙara wa tabo duhu, kuma niacinamide ba ya tare rana, amma maganin wannan ba ɓuya ba ne. Ta samo masa man kariya daga rana ya shafa da safe, sannan ya naɗa rawani irin na mutanen sahara, wanda ke rufe goshi da kumatu. Rawanin zai tare rana, ya tare ƙura, ya ɓoye aikin tsinkenki har ya goge. Lalle da kansa yake tafiya cikin mako biyu ko uku. Kada a dirje shi da dutse ko lemun tsami, sabon tabo za a jawo.

Ranar Asabar ya riga kowa isa, ya tsaya a sahun gaba, ya naɗe hannun riga. Mai gonar dabino tafin hannu yake nema da kafaɗa, kuma kantar da ke hannun ɗanki babu bitamin da ya taɓa ta. In motar ta tsaya, ya buɗe baki ya ce shi mahayin dabino ne. Wanda ya iya hawa ba ya jira a nuna shi da yatsa.

Batun Ruwaida kuwa, ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Ki kira uwarta ta wayar da ake ganin juna, ki riƙe ƙwaryar lallen da tsinken a hannu, ki faɗi abin da ya faru. Za su yi dariya har su gaji, daga nan magana ta mutu.

Allah ya ba maigida lafiya, ya sassauta miki gwiwa, ya sa Hamissou ya kwana a Samnu ranar Asabar. Sauran lallen kuma ki ɗaure shi a ƙulli ki adana, akwai mai shi a Tanut, kuma a ƙafa za a sa mata.

Taku,
Tanti Rakiatou