Hannu Biyu a Jikin Tarakta

Kusa da Damazin,
Mayu, 1969

Yaya Barakatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara, da duk mutanen Wad Madani. Mu ma lafiya lau, na zo gida hutun makaranta.

Yaya, wani abu ya faru wanda na kasa gane kansa. Manoman garinmu sun haɗu sun sayi tarakta, aka turo wani malami daga Zariya, Malam Jibril, ya koya wa samari tuƙi da gyara. Ƙanenmu Mato na cikinsu. Kowa ya yi murna da jin Bahaushe ne daga ƙasar kakanninmu, har Baba ya sauke shi a zaurenmu.

Ranar da taraktar ta iso aka yi karama, wato walimar godiya, aka yanka rago, Kaka Alhaji Mahadi ya tsoma hannu a jinin ya manna a gabanta, kamar yadda ake yi wa kowace sabuwar mota. Malam Jibril yana Damazin a lokacin. Da ya dawo ya ga jinin, ya roƙe ni ruwa da sabulu. Ni kuwa kunya ta hana ni tambaya, na kawo. Ya wanke tas.

Yanzu Kaka ya ce an wanke albarka, babu jikansa da zai hau ta. Sauran dattawa suka janye 'ya'yansu. Malam ya ce shi tsatsa ya guje wa, amma daga baya ya gaya wa Baba cewa a wurinsu ba a shafa jini a kan kaya, zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Ga damina ta matso, Mato ko abinci ba ya ci.

Abin da ya ɗaure mini kai, harshenmu ɗaya da shi, sahun sallarmu ɗaya. To, wa ya yi kuskure?

Ki gai da kowa.
Ƙanwarki,
Raliya

*

Yuni, 1969

Yaya Barakatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin 'yarki Sakinatu? Allah ya ƙara sauƙi.

Liman ya shiga tsakani, aka sake yanka rago. Kaka ya sake manna hannunsa a gaban taraktar, sannan ya ce sai baƙon ma ya sa nasa, don a san ba raini ya yi ba. Ina leƙe ta katanga. Malam Jibril ya durƙusa ya gai da Kaka, ya ba da haƙuri, amma bai taɓa jinin ba. Ya miƙe tsaye. Can sai ya tsoma hannu a kwanon baƙin man inji, ya yi bismilla, ya manna kusa da na Kaka.

Kaka ya dubi abin ya sake duba, ya shige gida. Na ɗauka komai ya lalace. Da safe sai na ji shi yana yi wa Mato faɗa wai ya makara wurin malaminsa.

Har yau ban san wanda ya bi wani ba. Jiya dai Mato ya nome gonar dawarmu, layin ya karkace, Iya tana ta buɗa. Hannu biyu na nan a gaban taraktar, ɗaya ja ɗaya baƙi, kuma Malam da kansa ya hana yara gogewa.

Iya tana gaishe ki.
Taki,
Raliya