Hannun Eudis da Bakin Baba

Baní,
ƙarshen watan Disamba.

Zuwa ga Yayana Radhamés,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Belkis da yara, Ya kuma ba ku juriyar sanyin nan na Boston da muke gani a talabijin har mu ma haƙoranmu su riƙa kaɗawa. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta taka zuwa coci ranar Kirsimeti, ko da yake ta dawo tana mita wai sabon fada ya cika jan wa'azi. Magungunan da ka aiko sun iso, Allah Ya saka da alheri. Baba kuwa lafiyarsa ƙalau, har ta so ta yi masa yawa. Goggo Fefa ce za ta kawo maka wannan takarda tare da alewar madarar da kake so. Na zaɓi in rubuta ne saboda ka san gidana a jikin na su Baba yake, ba a yin waya a asirce, kana ɗagawa Mama za ta jawo kujerarta kusa.

Yaya, maganar saƙon muryar da ka turo wa 'yan gida ce ta sa na zauna. Ka yi ta ihu kamar za ka fasa wayar, wai ƙungiyarmu ta besbol ta ɗauko mai jifan nan Yeremi, wai bana kofi ya zo gida an gama. Ban ga laifinka sosai ba, kana nesa, kanun labari kawai ka gani. Amma ba ka tsaya ka tambayi kanka ba: in an shigo da sabon mai jifa, wa aka cire aka ba shi gurbin? To Eudis aka cire. Ƙanenmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana zaune a kicin ɗina yana shan gahawa lokacin da saƙonka ya shigo. Na yi wuf zan kashe, ya riƙe hannuna, ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi ɗan murmushi ya ce muryar Yaya dai ba ta tsufa.

Bari in tuna maka abin da ba ka gani ba. A watan Oktoba da aka fara gasar besbol ta bana, wasan nan namu na jifan ƙwallo da dukanta da sanda, ina manyan 'yan wasan da ake taƙama da su? Wasu suna hutawa a Miami, wasu ƙungiyoyinsu na Amurka sun hana su taɓa ƙwallo wai kada hannunsu mai tsada ya gaji. Hannun Eudis ne ba shi da tsada. Duk ranar da wasa ya rikice, abokan hamayya suka cika fili, shi ake kira ya hau tudun jifa ya kashe wutar. Yau shi, gobe shi, jibi ma shi. Ni na ga gwiwar hannunsa ta kumbura ta yi suntum, yana tsoma ta a bokitin ƙanƙara yana cije leɓe, Mama na shafa masa man zafi tana addu'a. A Nuwamba muna can ƙasan teburin gasar ana yi mana dariya, da hannun nan aka hauro. Lokacin kuwa Baní ba ta da ɗa sai Eudis. Chichí mai shagon kan kwana har hotonsa ya manna a saman firijin giya, yana gaya wa kowa wai shi ya fara ba yaron nan lemo kyauta tun yana yawo ba takalmi.

Sai aka zo al'adar nan tamu ta ƙarshen kakar wasa, da ƙungiyoyi huɗun da suka tsallake suke zama su tsinci 'yan wasan ƙungiyoyi biyun da aka fitar. Tun muna yara ake yin ta, muna tafi muna murna, ban taɓa ganin muninta ba sai da ta shigo gidanmu. Yeremin nan da kake yi wa kirari, makon da ya wuce ya ɗirka wa ɗan wasanmu ƙwallo a haƙarƙari, garin nan kaf aka kwana ana zagin uwarsa. Yau ya saka rigarmu, ya zama yaronmu, uwarsa ma ta zama waliyyiya. Shi kuwa Eudis kiransa aka yi ofis, aka dafa kafaɗarsa, aka ce masa wai ya ci gaba da motsa jiki a gida ko da za a neme shi. Mutumin da ya ba talatin baya da nisa, kowa ya san me wannan maganar take nufi. Ya so ya yi jifa a wasan ƙarshe ko sau ɗaya kafin ya ajiye safar hannu, abin da bai taɓa samu ba ke nan.

Da ka ji masu kiran rediyo, da ka tsani kunnenka. Wani ya ce wai jifan Eudis in ya saki ƙwallo sai ka je ka sayo burodi ka dawo ba ta iso ba. Wani ɗan acaɓa, wanda da idona na gan shi a Nuwamba yana roƙon Eudis ya sa masa hannu a hula, ya ce ai a ba tsohon nan aikin yanke ciyawar fili, ya fi dacewa da shi. Na tare shi a bakin kasuwa na tambaye shi shi me ya taɓa jefawa a rayuwarsa ban da fasinja cikin kwata. Ba duka aka taru aka lalace ba, gaskiya. Doña Chea mai soya ayaba ta tsaya tsayin daka tana cewa wallahi ba ta ƙara kallon ƙungiyar da ke hawa mutum ta haye rafi sannan ta bar shi cikin ruwa, amma muryar tsohuwa ɗaya ina za ta kai a tsakiyar maza masu kwalba a hannu? Duk wannan da sauƙi, Yaya. Bakin mutanen waje ne, Eudis ya saba da shi.

Abin da ya karya shi a shagon Chichí ya faru, jajibirin Kirsimeti da rana. Baba na zaune a teburin wasan domino da abokansa, ana ta gardamar nan, sai Chichí ya ce to a yi shiru, ga Don Plinio nan, shi ne uban, a ji ta bakinsa. Ka san Baba in ya ga an zuba masa ido. Ya buga domino a tebur har kwalabe suka yi tsalle, ya ce shi yana goyon bayan ƙungiyar nan tun kafin ya auri uwarsu, balle a haifi wani Eudis. Ya ce da shi ne koci, da tun farkon Disamba ya zaunar da shi, hannu ya ƙare, kuma ƙwallo ba ta san ɗan wane ba. Aka ɗauki tafi, ana cewa Don Plinio ikon Allah, mai faɗin gaskiya ko a kan ɗansa. Ba wanda ya lura Eudis na tsaye a bakin ƙofa, Mama ta aiko shi sayen ƙanƙara. Ya ƙarasa ciki, ya karɓi ƙanƙararsa, ya ce musu barkanku da hutawa, ya fita. Chichí da kansa ya gaya mini, yana sosa ƙeya. Hoton ma na duba, babu shi a saman firijin.

An ci abincin Kirsimeti dai, in za a kira wannan ci. Mama ta kwana biyu tana aikin gasasshen alade da shinkafa da wake, Eudis ya zo don ita kawai, ya zauna can ƙarshen tebur da 'yarsa a cinya. Baba kuwa bai ma san an yi wani abu ba, yana ta ba mijina labarin gudun jifan Yeremi. Da baƙi suka watse Mama ta tsare shi, ta ce ya ji kunya, ɗan da ya haifa ya kai shi kasuwa ya sayar don a tafa masa. Ya ce shi ƙarya ya yi? Wa ya koya wa yaron jifa da lemon tsami a bayan gida, wa zai fi shi sanin hannun? Ni ba na musu, wataƙila hannun ya gaji. Ni ma ina da ido. Amma akwai mutum dubu a garin nan da za su iya faɗin haka, uba kuwa ɗaya gare shi. Raina ya ɓaci, Yaya, har yanzu in na tuna sai in ji abinci ya fita kaina.

Shekaranjiya da safe sai Baba ya ce a goge masa farar rigarsa, zai je gidan Eudis. Mama ta goge tana hawayen murna, ni kuma na bi shi don in ga sulhun da idona in ba ka labari mai daɗi. Matar Eudis ta kawo gahawa, Baba ya sha, ya yi gyaran murya, ya yaba sabon fentin falo. Sannan ya ce wai dama ya zo ya ji ne, tikitin nan da ake ba iyalan 'yan wasa, har yanzu Eudis na da haƙƙinsa ko an soke? Domin ranar Lahadi Yeremi zai fara jifa, tikiti ya ƙare, 'yan bayan fage masu sayar da shi kuma sun tsawwala kuɗi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Eudis ya kalle shi, ya ce zai duba.

Kuma ya duba. Jiya ya hau bas ya tafi ofishin da suka cire shi, ya tsaya a gaban mutanen nan ya roƙa. Da yamma ya biyo ta gidana ya miƙo mini tikiti guda. Ya ce in kai wa Baba, in gaya masa kujera ce mai kyau, daidai bayan mai kamun ƙwallo, zai ga hannun yaron sosai. Har ya juya zai tafi, ya dawo ya ce in ƙara masa da cewa daga yau kada ya sake tako gidansa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da hankalina ya fi kwanciya.

To Yaya, kai ne babba, kuma kai kaɗai Baba ke jin maganarka. Ka kira shi kafin Lahadi, ka gaya masa in ya shiga filin nan da tikitin nan, ya yi asarar ɗa. Ka kira Eudis ma, kuma don Allah kada ka yi masa maganar ƙwallo, ka tambaye shi 'yarsa kawai. Na kai wa Baba tikitin yau da safe, don ba nawa ba ne da zan riƙe, na kuma faɗa masa saƙonnin duka biyu ban rage komai ba. Ya ce yaron nan dama tun yana ƙarami akwai saurin fushi, zai huce. Sannan ya ɗaga tikitin a haske yana duba lambar kujera. Yanzu haka da nake rubutu ina hangowa ta taga hularsa ta ƙungiya a kan igiyar shanya, ya wanke ta da hannunsa.

Ka gaishe mini da Belkis, ka ce mata na gode da takalman. Ka shafa mini kan Yadiel da ƙaramar Nairobi, ka gaishe da Kawu Fello in kun haɗu a coci. Mama na gaishe ku, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka. Mijina ma na gaisuwa. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Yudelka