Abin da Ordinater Ta Gyara

Litinin, 6 ga Mayu 2024

An ɗauke wuta ina cikin buga jarrabawar 'yan ajina, kuma batirin ordinater ɗin nan, kwamfutata, ya daɗe da mutuwa. Da wuta ta dawo na kunna, sai baƙin allo da farin rubutu, wai tana duba diski, tana gyara. Ban sa ta ba. Na zauna ina kallo har ta gama, ta buɗe lafiya lau kamar ba ita ba.

Me ta gyara? Ba ta ce ba. Bidiyon Yaya Siddo yana ciki, babu shi a ko'ina sai nan, tunda wayar da na ɗauka da ita ta faɗa kogi a hanyar Malanbil.

Talata, 7 ga Mayu

Jarrabawa tana nan. Dosiyen da na ajiye bidiyon Yaya a ciki ban taɓa ba, tsoro nake ji.

Laraba, 8 ga Mayu

Bibata matar Yaya ta kira daga Zabori. Ran Asabar za ta kawo 'yarsu Kubra. Bibata na da cikin yarinyar motarsa ta kife da shi a hanyar Kwatano, yanzu ta yi wayo, ta dame ta da tambayar yadda muryar babanta take. "Na ce mata gwaggonta ta ajiye mata shi," in ji Bibata. Na ce Allah ya kawo su lafiya.

Ni kaina ban kalli bidiyon ba tun rasuwar. Ajiya kawai nake yi.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na kai ordinater wurin Isma'il mai gyara, bayan tasha. Mutum ne mai surutu, yau ko na so surutun. Ashe na'urar tana rubuta wa kanta rahoton abin da ta yi, a wani lungu da ban taɓa shiga ba. Ya tona ya fito da shi, yana bi da yatsa. Faransancin da nake koyarwa ne, amma ban gane komai ba. Ya ce fishiye ɗaya ne ya lalace cikin abubuwan da na ajiye.

Na ce wanne? Ya karanto sunan. SIDDO.

Na ce to ai ta ce ta gyara. Ya ce, "Madam, gyaranta irin na tela ne. In ɓera ya ci zane, a yanke wurin a kalmashe. Ita dai diskinta ta gyara, ba ruwanta da mi ke ciki."

Ya samo guntayen da ta yanke a wani ɓoyayyen dosiye, ya ce babu abin da zai haɗu. Zai kunna mu ga abin da ya rage, na riƙe masa hannu. Ba a tasha ba, ba a gaban masu cajin waya ba. Ya zuba mini shi a kile biyu, 'yan ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinater, na dawo.

Juma'a, 10 ga Mayu

Na ɗauki waya in ce wa Bibata ba ni da lafiya. Na ajiye.

Asabar, 11 ga Mayu

Sun zo da hantsi. Kubra goshin babanta sak. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce ina Baba.

Na kunna, idona a ƙasa. Na ji dariyarsa, na ɗago. Ga shi jingine da ƙofar motarsa, ya juyo yana dubanmu, sai hoton ya tsaya cik. Muryar ta ci gaba, yana tsokanata wai ban iya riƙe waya ba. Daga nan ita ma ta yanke. Fuskar kaɗai ta rage.

Kubra ta ce, "Inna, mi ya sa ya yi shuru?"

Na buɗe baki in faɗi gaskiya, Bibata ta riga ni. "Ke yake saurare."

Yarinyar ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta gaya masa sunanta, da sunan akuyarta, da cewa haƙorinta yana girgiɗi. Na fita wai zan duba tukunya.

Lahadi, 12 ga Mayu

Sun koma da kile ɗaya.

Bayan la'asar na kunna, don in tabbatar yana buɗewa ne kawai. Da ya yi shiru ban kashe da wuri ba. Na ce masa ai yanzu na iya riƙe waya.