Gadon da Ba na Sayarwa Ba

Talata, 4 ga Maris

Auta ta haihu! Mace, da hantsi, lafiya lau. Bayan jikoki maza huɗu a jere, yau na yi amarya. Na yar da zarto na yi ta zagaye shago, har mai walda na kusa da ni ya leƙo ya ce, "Baba kafinta, kunama ce?"

Maman yara surukina ya kira. Ba ni ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Gara in rubuta yadda aka yi, ko zai bar cina.

Auta ce ta buɗe wa shagon nan shafi a intanet. Aikinta ke nan, kamfanoni take yi wa. Ta ɗauki hotunan kujeru da tebura da gadaje, ta rage musu nauyi don su riƙa buɗewa da sauri, ta sa wa kowane hoto suna da bayani. Ni kuma da na koyi rubutu a ajin yamma ina da shekara hamsin da shida, hannuna ƙaiƙayi yake yi. Na zauna na goge sunayenta, na sa nawa: "na direba mai tari", "na malamar jinya", "na mutumin da ya yi gardama". Ai haka nake gane kayana. Na kuma mayar da manyan hotunan, don a ga zanen katako sosai.

Ta ce, "Baba, wa zai shiga injin bincike ya rubuta direba mai tari? Injin nan makaho ne, sai abin da aka gaya masa."

Na ce danne-dannen waya ba sana'a ba ce. A gaban masu sayayya na faɗa. Ta ɗauki jakarta. Wata tara ke nan, gaisuwa kawai.

Asabar, 8 ga Maris

Na ga amaryata. Hancina ne sak, Allah ya ba ta haƙuri. Ta kama yatsana ta ƙi saki.

Na ce wa Auta na yi wa jaririya gado. Ta dubi bango ta ce, "Kada ka wahalar da kanka, Baba. Idan ta ɗan yi ƙwari za mu nema a intanet."

Wata biyu ina goge gadon nan a ɓoye.

Litinin, 10 ga Maris

A aljihun tebur, ƙarƙashin samfefar gugar katako, na tsinci takardar da Auta ta rubuta mini bara. Da manyan baƙaƙe, don ta san karatuna a hankali ne. Sa wa hoto sunan abin da ke cikinsa. Rage nauyi kafin ka ɗora. Rubuta bayani kamar kana gaya wa wanda ba ya gani. Ban taɓa karanta ta ba sai yau. Na ma taɓa goge manne da gefenta.

To, tunda a intanet za ta nema, a can zan tare ta.

Juma'a, 14 ga Maris

Na fito da gadon bakin ƙofa da safe, inda haske ke da kyau. Hoto shida. Suna: gadon jariri na katako mai lilo. Bayanin ne ya ci mini rabin yini. Na goge sau bakwai, na bar wannan: "Gadon jariri na farin katako, mai shinge, ba ƙusa ko ɗaya a waje. Kaka ne ya yi wa jikarsa. Ba na sayarwa ba ne."

Daga nan na shiga sauran. Hoto ɗari da arba'in. Direba mai tari ya koma kujerar falo mai hannu. Wuyana ya sandare, idona na ruwa. Ita Auta a kwana uku ta gama, ban ko ce mata sannu ba.

Laraba, 19 ga Maris

Na bincika. Gadajen mutane birjik, nawa babu.

Lahadi, 23 ga Maris

Babu. Mai walda ya ce wataƙila injin ma fushi yake yi da ni.

Maman yara ta ce, "Malam, tafiyar minti ashirin ce fa. Ka je ka ce ka yi kuskure. Sai ka biyo ta duniya?" Na ce ina da aiki. Ta ce ta gani.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ya fito. Layi na uku, ta hagu. Ban gaya wa kowa ba. Na yi ta rufewa ina sake bincikawa, kada ya gudu.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ina fere ƙafar tebur waya ta yi ƙara. Auta ce.

"Baba, wa ya rubuta maka wannan?"

Na ce ni.

Ina jin jaririya tana gurnani. Sannan Auta ta ce hoton gefe har yanzu ya yi nauyi, na huɗun kuma ya yi duhu. Na ce to. Na ce a koya mini. Ban san daga ina maganar ta fito ba.

Ta ce, "Ka rubuta ba na sayarwa ba ne. To ya za mu yi mu da muke so?"

Na ce gobe shago a buɗe yake.

Asabar, 5 ga Afrilu

Sun zo da safe. Amaryata tana cikin gadon yanzu haka, a tsakiyar shago, tana barci, na hana kowa taɓa guduma. Auta na kan bencina da wayata, tana gyara hoto na huɗu tana tsaki. Abin da maman yara ta ce in faɗa ban faɗa ba tukuna. Ya zo bakina sau biyu.

Mai walda ya tambaya wa ya gyara mini shafi. Na ce masu sana'ar ne suka koya mini. Auta ba ta ɗago ba, amma tsakin ya tsaya.

Na leƙa layi na kira tela da mai gyaran agogo da matar mai shagon magani. Kowa ya bar abin da yake yi ya zo ya gani. A hankali dai, kada ku tashe ta.