Rasuwar Malam Sama'ilu a Shafin Ɗalibai

Kazaure, Litinin

Yaya Nuruddeen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da Anti Zubaida. Ka sha cewa latse-latsen waya kawai nake yi a kwaleji. To, shafin ɗalibai na intanet da aka damƙa mini ya kankama. Jadawalin jarrabawa, cigiya, har kukan rashin ruwa a ɗakunan kwana, duk a nan ake gani. Jiya Allah Ya yi wa Malam Sama'ilu, mai kula da ɗakin karatunmu, rasuwa a asibiti. Kafin minti goma na saka labarin a shafin, na riga kowa. Mutum dubu biyu suka karanta!

Ƙanwarka, Bahijja

Babura, Laraba

Bahijja,

Bayan gaisuwa. Ashe ke ce. Malam Sama'ilu ɗan Gwiwa ne, garin su Zubaida, kuma mahaifiyarsa Inna Amarya tana da rai. Dattawa uku sun kama hanya don su zaunar da ita su gaya mata a hankali, kamar yadda ake yi. Suna hanya wata maƙwabciya ta gani a waya, ta faɗa gidan da salati. Tsohuwar tana tankaɗe ta ji, ita kaɗai, babu mai riƙe ta. Shi kaɗai ne ɗanta.

A wurin zaman makoki ana tambayar 'yar wa ta rubuta. Na sunkuyar da kai.

Yayanki

Kazaure, Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa. Wallahi kunya ta hana ni fita ko aji. Ni da nake ƙirga masu karantawa ina murna, ko sau ɗaya ban tambayi kaina ko yana da uwa ba. Na goge rubutun, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Don Allah ka je ka ce wa Inna Amarya ni ce. Kada ka ce yarinta ce, na san abin da ake yi a gidanmu. Ka roƙar mini gafara, ba ni da idon da zan kalle ta.

Bahijja

Babura, Asabar

Bahijja,

Na je, na faɗa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce a'a ba. Cewa ta yi har yau babu wanda ya zauna a gabanta ya gaya mata ɗanta ya rasu. Ta ce ki zo ki gaya mata da bakinki.

Motar Gwiwa da wuri take tashi. Allah Ya kiyaye hanya.

Nuruddeen